Makina ya yi ƙasa amma na shekara huɗu ina aikin asibiti, zan samu medisin?

'Yar Agege: Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da dare. Don Allah shawara nake nema kuma a faɗa min gaskiya ko da ba za ta yi min daɗi ba. Shekarata 23, a nan Agege aka haife ni amma asalinmu 'yan Katsina ne. Na rubuta JAMB bana na samu 218, medisin, wato karatun likita, na cike a UNILAG, jami'ar Legas. Sakamakona na sakandare zama biyu ne, a WAEC na samu B3 a Turanci, C4 a lissafi, B3 a bayoloji, C6 a kemistiri, fiziks ne ya ba ni D7 sai a NECO na gyara shi ya zama C5. Abin da nake taƙama da shi aiki ne, shekara huɗu ke nan ina aiki a wani ƙaramin asibitin kuɗi a unguwarmu, ina awon jini, ina wanke ciwo, na tsaya a kan haihuwa ba adadi tare da ungozoma, kuma duk matar da ta zo ba ta jin Yarbanci ba ta jin Turanci ni ake kira in yi tafinta tsakaninta da likita. Likitan da nake ƙarƙashinsa ya ce zai rubuta min takardar shaida mai kyau. To wannan aikin zai iya cike min giɓin maki? Akwai inda ake duba irin wannan?

Maman Ummi: Wa alaikumus salam, Allah sarki 'yata, Allah ya cika miki burinki. Bari masu ilimin abin su zo, Baban Khalifa kana kusa?

Baban Khalifa: Ina nan Hajiya. Ƙanwata tunda kin ce a faɗa miki gaskiya bari mu yi lissafi tare, shekara da shekaru ina koyar da yara lesin JAMB a nan Idi-Araba kuma wannan lissafin nake fara yi wa kowa kafin ya ɗora rai. UNILAG kashi uku take raba maki ɗari, JAMB 50, Post-UTME wato jarrabawar tantancewa da jami'ar take yi da kanta 30, sakamakon sakandare 20. Makin JAMB ana raba shi gida 8 ne, 218 ɗinki ya zama 27.25. A sakandare A1 maki 4 ne, B2 3.6, B3 3.2, C4 2.8, C5 2.4, C6 2, idan na haɗa naki guda biyar ya ba ni 13.6. To ko da a ce kin cinye Post-UTME kaf ba ki faɗi tambaya ko ɗaya ba, 70.85 za ki tsaya, medisin kuwa a 'yan shekarun nan sama da 80 ake yanke shi. Kuma kafin ma a zo nan akwai matsalar zama biyu, su kiredit biyar a zama ɗaya suke so. Maganar takardar likitanki kuma, a fom ɗin JAMB babu gurbin da za ki rubuta na yi aiki shekara huɗu, kwamfuta ce take jera mutane daga mai maki sama zuwa ƙasa, ba ta san kin kwana a kan mai naƙuda ba. Bana dai a UNILAG babu hanya, gara ki ji daga bakina yau da ki zauna jiran suna har ƙarshen shekara.

'Yar Agege: Innalillahi. Wallahi jikina ya ba ni haka amma ban taɓa ganin an baje min shi da lamba ba. Na gode Malam.

Abba Obalende: Amma Malam ni fa na sha gani a intanet mutane suna ba da labari makinsu bai kai ba amma saboda sun yi aikin asibiti da aikin sa kai aka ɗauke su, har ana kiran su intabiyu. Ko ƙarya suke yi?

Baban Khalifa: Ba ƙarya ba ce Abba, ƙasar ce ba ɗaya ba. A Amurka sai ka gama digirin farko tukuna ka rubuta wata jarrabawa MCAT, ka rubuta bayanin kanka, malamai su rubuta maka shaida, a kira ka a zauna da kai, to a nan aikin da ka yi yana magana. Ingila ma suna da jarrabawar UCAT da intabiyu kuma suna tambayar me ka gani a asibiti. Mu namu tsarin daga sakandare ake shiga kai tsaye a yi shekara 6, kuma abin da ya sa makin yake tashi sama shi ne MDCN, hukumar likitoci, ita take ƙayyade wa kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta ɗauka gwargwadon malamanta da gadajen asibitin koyarwarta. Kujeru kaɗan masu nema dubbai, dole a yi ta yankewa daga sama.

Anti Nas: Ƙanwata ni akwai abin da ya fi tsaya min a rai a bayaninki, kuma don ina ƙaunarki zan faɗa. Aikin nan da kike yi, kina da wata takarda a hannu ko dai koya kika yi a wurin?

'Yar Agege: A wurin na koya Anti, ba ni da satifiket na komai sai na sakandare.

Anti Nas: To ai nan gizo ke saƙa. Hukumar nas da ungozoma ta ƙasa ba ta san da irin wannan koyon na cikin asibitin kuɗi ba, ko shekara goma kika yi a idon hukuma ba ki da lasisi, ranar da aka samu matsala da majinyaci Allah ya kiyaye ke za a fara nunawa da yatsa kuma babu mai tsaya miki. Na ga yarinya da hannunta ya fi na wasu masu takarda kyau wajen neman jijiya, shekara bakwai tana aiki, da asibitin ya rufe ta koma gida ba ta da abin nunawa ko ɗaya. Ni shawarata kada ki ƙara shekara a haka. Ko dai ki shiga makarantar nas, akwai ta LUTH, asibitin koyarwa na jami'ar Legas, a Idi-Araba akwai ta jihar Legas a Igando, ko ki nemi digirin nas na shekara 5 a jami'a, ko kuma kwalejin kiwon lafiya ta Yaba ki yi CHEW, kwas ɗin ma'aikatan lafiya na al'umma, shekara 3 ki fito da lasisinki. Kuma kada wani ya ce miki nas ragowar medisin ce, aiki ne mai zaman kansa, kuma shi ma yanzu makinsa ba wasa ba ne don kowa ya gano ana nemansu a waje.

'Yar Agege: Anti na ji kuma wallahi ban raina aikin nas ba, su suka koya min duk abin da na iya. Amma bari in gaya muku abin da ya sa na nace. Bara da azumi wajen ƙarfe biyun dare aka kawo wata mata daga wajen Mile 12, cikinta wata takwas, ƙafafunta sun kumbura har zoben yatsarta ya nutse a nama, mijin yana ta cewa iska ce don tun magariba take cewa tana ganin walƙiya-walƙiya kuma kanta kamar zai tsage. Babu mai jin abin da suke faɗa sai ni. Na ɗaura mata abin awo na ga 180 a kan 110, na sake aunawa a ɗaya hannun haka dai, na ruga na taso likita, kafin ya gama sa takalmi ta fara jijjiga. Shi ya san allurar da za a yi da yawan da za a ba ta da lokacin da za a tura ta babban asibiti, ni kuwa ina riƙe da kanta na juya ta gefe ina mata addu'a da Hausa a kunne. Ta rayu ita da jaririn alhamdulillah. Tun daren nan nake cewa ina ma a ce wanda ya ji maganarta shi ne kuma ya san abin yi, ba sai an bi ta bakin tafinta ba.

Maman Ummi: Allahu akbar, har na yi ƙwalla. Mu da muka haihu a garin nan mun san wannan, ka je asibiti kana nuna wurin ciwo da hannu kamar kurma.

Dakta Ikeja: Salamu alaikum, yanzu na fito daga aiki na tarar da zancen. Ƙanwata na karanta duka. Abin da Malam ya lissafa haka yake, ba zan rage ko ɗigo ba. Amma ina so ki bambance abu biyu, aikin da kika yi ba zai buɗe miki ƙofa ba, sai dai idan kin shiga zai riƙe ki. Ni sau uku na rubuta JAMB, ina da shekara 24 na shiga aji ɗaya tare da yara 'yan 17, kuma kafin nan a kemis ɗin yayana nake tsare kanti. Shekarun farko babu abin da kemis ya amfana min, bayan aji ɗaya anatomi da fisiyoloji da bayokemistiri ne zalla, ga jarrabawar nan ta 2nd MB da ake yi kafin a shiga asibiti da take tankaɗe mutane, wanda tushensa na kemistiri ba shi da ƙarfi a nan yake zubewa, shi ya sa ba na ganin makin da ake nema a matsayin zalunci kawai. Amma da muka shiga asibiti a aji huɗu sai abin ya juya, yaran da suka fi ni maki hannunsu na rawa in za su taɓa majinyaci, ni kuwa na saba da tsohuwa ta zo tana bayanin ciwonta a karkace in zauna in warware. Ke da kika ga jijjigar mai ciki da idonki, ranar da za a koyar da ita a aji ba haddacewa za ki yi ba, tunawa za ki yi. Saboda haka C6 ɗin nan na kemistiri da C5 na fiziks su ne abokan faɗanki, ba wani abu ba.

Ɗan Mile 12: Ni kuma a ganina me zai hana ta karɓi kwas na kusa kamar fisiyoloji ko anatomi da makin da take da shi, in ta shiga ta yi ƙoƙari a aji ɗaya sai ta canza zuwa medisin? Haka na ji ana yi.

Bilkin Ijora: Don Allah kada ki shiga da wannan niyyar. Ni haka aka ce min, na karɓi bayokemistiri a wata jami'a da sunan zan tsallaka, na kashe kaina da karatu na fito da sakamako mai kyau a aji ɗaya, da na je neman canji aka ce babu gurbi, kujerun medisin a cike suke da waɗanda aka ɗauka tun farko. Na ƙarasa digirin ba da son raina ba. Abin da yake gaskiya shi ne in ka gama digiri irin wannan da sakamako mai kyau, galibi 2:1, wato mataki na biyu na sama, ko fiye, makarantu da yawa suna ba ka dama ka nemi medisin ta DE, wato shiga da takardar da ka riga ka samu ba sai ka sake rubuta JAMB ba, ka fara daga aji biyu, amma lissafa shekarun, 4 na farko da bautar ƙasa sannan wasu 5, kuma kujerun DE sun fi na JAMB ƙaranci. In mutum yana son kwas ɗin don kansa to bismillah, amma a matsayin tsani hanya ce mai nisa.

Baban Khalifa: Bilki ta gama magana. Akwai kuma JUPEB da IJMB, karatun kamar shekara guda ne a fiziks, kemistiri da bayoloji sai a shiga aji biyu ta DE, UNILAG tana yin JUPEB, IJMB kuma ABU Zariya ce take kula da shi. Sai dai ga mai son medisin kusan sai A uku reras, ga kuɗin makaranta mai nauyi, kuma karatun ya fi na JAMB zurfi nesa ba kusa ba. Wanda fiziks na sakandare yake ba shi wahala ban cika tura shi can ba sai ya gyara tushe.

Kawu na Alaba Rago: 'Yata ku yaran da aka haifa a Ikko kuna mantawa kuna da gida. Kin ce ku 'yan Katsina ne, kina da takardar shaidar ƙaramar hukumarku? In babu ki sa mahaifinki ya nema miki tun yanzu. Me ya sa dole sai UNILAG?

Baban Khalifa: Kawu kun taɓo inda nake shirin zuwa. A jami'o'in tarayya kashi 45 cikin ɗari na cancanta ne zalla, 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, 20 na jihohin da aka lissafa a matsayin masu ƙarancin ilimin boko, kuma Katsina tana cikinsu. Yankin UNILAG jihohin Yarbawa ne, Legas, Ogun, Oyo, Osun, Ondo da Ekiti, kuma asalin jiha ake dubawa ba inda aka haife ka ba, to ke a nan ba ki cikin kashi 35 ɗin. Amma in kika cike ABU ko BUK ta Kano ko Danfodiyo ta Sakkwato kin shiga yankinki. Ga kuma jami'ar kimiyyar lafiya ta tarayya da ke Azare a jihar Bauchi da aka kafa a 2021, ga jami'o'in jihohi da suke fifita 'yan jiharsu. Kada dai ki ɗauka can araha ce, yaran Kano da Zariya masu 280 da 300 suna nan jibge, 218 ba zai yi ba a can ma. Kuma kowace makaranta ki buɗe kundin JAMB ki karanta sharaɗinta da idonki kan maganar zama ɗaya ko biyu kafin ki cike.

Abba Obalende: To waje fa? Yara da yawa daga arewa Sudan da Masar suka yi karatun likita.

Dakta Ikeja: Sudan tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 aka kwaso ɗalibanmu ta iyakar Masar, da yawa sun sha wahala kafin su samu inda za su ƙarasa, haka waɗanda ke Yukren a 2022. Masar ana zuwa har yanzu amma da dala ake biya, ka duba yadda naira ta koma. Sannan duk wanda ya karanto a waje sai ya zauna jarrabawar MDCN ya ci kafin a ba shi lasisin aiki a nan, kuma ba kowa ke tsallakewa a karon farko ba. Jami'o'in kuɗi na gida irin Babcock da Bowen da Afe Babalola sun fi sassauci a makin JAMB amma miliyoyi ne duk shekara har shekara 6. In akwai mai ɗaukar nauyi to, in babu kada a sayar da gida a tsaya a aji uku.

'Yar Agege: Dakta babu wannan halin gaskiya, babana a kasuwar shanu yake kuma mu takwas ne.

Ɗan Mile 12: Akwai wani da na sani yana cewa yana da hanya a ciki, in an ba shi wani abu yana saka suna.

Anti Nas: A'a don Allah kada ma a kawo wannan cikin zauren nan.

Baban Khalifa: Ko kusa. Duk admishan da bai fito a CAPS, shafin JAMB na ba da admishan, ba ka shiga da kanka ka karɓa ka buga takardarsa, ba admishan ba ne. Ƙanin matata haka aka karɓe masa kuɗin da ya tara na shekara biyu aka ba shi takardar bogi, sai da ya je rajista da jakarsa ya gane. Ƙanwata ga abin da zan ce ki yi in da gaske kike. Ki sake zama jarrabawar sakandare ta masu zaman kansu, WAEC ko NECO ta ƙarshen shekara, duka darussan a zama ɗaya, ki nemi A da B, in kin samu 18 cikin 20 kin yi kyau. Sannan JAMB ki sa 300 a gabanki, tambaya 180 ce cikin awa 2, Turanci 60 sauran ukun 40-40, wato ba ki da ko minti ɗaya cikakke a kan kowace tambaya, saboda haka sai kin saba da kwamfuta da agogo ba karatun littafi kaɗai ba. 300 ya ba ki 37.5, ki haɗa da 18, ki samu 26 a Post-UTME, kin kai 81.5, kin ga yanzu ana maganar ki. Daga 218 zuwa 300 tsalle ne babba ba zan ɓoye miki ba, amma na ga masu yi, kuma duk waɗanda suka yi sun ba abin wata shida zuwa takwas suna bin manhajar JAMB babi-babi da tsofaffin tambayoyi, ba wata ɗaya kafin jarrabawa ba.

Dakta Ikeja: Kuma ba za ki iya wannan kina kwanan asibiti sau huɗu a sati ba. Wannan likitan da ya ce zai rubuta miki takarda, ki ce masa kin gode, abin da kike so ya rage miki aikin dare ya bar miki safiya, wannan ya fi takardar amfani sau goma. In ya san darajar shekara huɗun da kika yi masa zai yarda.

Anti Nas: Ni dai ina nan a kan bakana, ta sa wa abin iyaka. Ki ba medisin shekara ɗaya cur da dukkan ƙarfinki, in sakamako ya fito kin haura 280 ki bi shi, in ya tsaya a 240 ko 250 ki canza zuwa nas ko kimiyyar gwaje-gwaje ko fisiyoterafi tun kafin a rufe canjin kwas, kada ki zama mai rubuta JAMB shekara biyar. Matan Mile 12 ɗin nan da kike tausayi, ungozoma mai lasisi mai jin Hausa ma ceton su take yi, ni shaida ce.

Dakta Ikeja: Anti ban ƙi taki ba, sai dai ni zan ce shekara biyu, don shekarar farko gyaran sakandare zai cinye rabinta.

Anti Nas: Dakta ku maza ne, ita mace ce mai shekara 23 a gidan mutum takwas, kun san irin matsin da za ta sha.

Maman Ummi: Wannan kuma ku bar mana, in ta yarda ni zan je har gida in zauna da mahaifiyarta mu yi magana ta manya. Ummi tawa da aurenta da goyonta ta gama makarantar nas, ba a kanta farau ba. Kuma tunda gwamnati ta fara ba da bashin karatu na NELFUND a 2024 ga ɗaliban makarantun gwamnati, ko kuɗin rajista ya zo da sauƙi in an samu shiga.

'Yar Agege: Wallahi ban san da bakin da zan gode muku ba. Na yi kuka da na ga lissafin Malam amma yanzu na san inda zan kama. Gobe in Allah ya kai mu zan yi wa likita maganar aikin dare, in je kafe in duba ko rajistar jarrabawar ƙarshen shekara tana buɗe, Baba kuma zan roƙe shi ya kira kawuna a gida kan takardar ƙaramar hukuma. JAMB mai zuwa BUK zan sa a farko. Anti na riƙe maganarki ta iyaka, zan rubuta lambar a bangon littafina, in ban kai ba zan zo ki nuna min hanyar makarantar nas da kanki. Mama ina jiran ku, Umma tana gida kullum bayan la'asar. Malam lesin naku wace rana ne kuma nawa ne?

Baban Khalifa: Asabar da Lahadi ƙarfe 9 zuwa azahar. Ki zo da sakamakonki duka biyun da littafin rubutu mai kauri, fiziks za mu fara daga awo da motsi don in ga inda tushen ya tsage. Maganar kuɗi ki bari sai kin zo.

Bilkin Ijora: Littattafaina na kemistiri da tsofaffin tambayoyi suna nan a kwali ban taɓa su ba tun da na gama, ranar Asabar zan biyo ta Idi-Araba in ajiye miki a wurin Malam.

'Yar Agege: Allah ya saka da alheri Yaya Bilki, zan fito da wuri saboda cunkoson Oshodi, in sha Allah kafin 9 ina can.